Amsoshin Tambayoyinku: Me Ya Sa Muhammad Ali Ya Ƙi Zuwa Yaƙi?

Tambayar wannan mako daga wani ɗalibi ta fito, a Gusau. Ya ce gardama ce ta kaure tsakaninsa da kawunsa, wanda tsohon soja ne, a kan shahararren ɗan damben nan na Amurka, Muhammad Ali. Shi ɗalibin ya ji ana yabon Ali don ya ƙi zuwa yaƙin Biyetnam. Kawun kuwa ya ce ba abin yabo a ciki, tsoro ne kawai aka lulluɓe da rigar addini. Ga tambayar a taƙaice: yaya mutumin da sana'arsa naushi ce zai ce zuciyarsa ba ta yarda da yaƙi ba? Musulunci ne ya hana shi? In kuma kowa ya ce ba za shi ba, wa zai tsare ƙasa?

To ɗana, sannu da ƙoƙari, kuma a gaida kawu. Tambaya uku ka ɗauro a ƙulli ɗaya, ta ƙarshen kuwa, wadda na tabbata daga bakin kawu ta fito, ita ce mai nauyin. Za mu zo kanta. Amma bari mu fara da wani abu da in ba a gane shi ba, labarin duka ba zai zauna ba.

A Nijeriya mutum shi ke kai kansa aikin soja. Ya cika fom, ya je tantancewa, wani ma har da neman ƙafa. Ba wanda ake aiko wa takarda gida a ce ranar kaza ka bayyana a bariki, in ba haka ba kurkuku. Amurka a wancan lokaci tana da wannan tsari, wato ɗaukar soja dole. Duk saurayin da ya cika shekara 18 sai ya yi rajista, hukumar yankinsu ta sa shi a aji: ga waɗanda za a iya kira ko yaushe, ga waɗanda aka ɗaga wa ƙafa saboda karatun jami'a, ga marasa lafiya. Dattawan Nijar ba baƙin wannan labari ba ne, domin Faransa ta yi wa ƙasashen da ta mallaka haka, har samari suka riƙa tsallaka iyaka don gudun kamu.

An haifi Ali a 1942 a birnin Louisville na jihar Kentucky, da sunan Cassius Clay. Ya ci zinare a gasar Olamfik ta Roma a 1960, ya buge Sonny Liston a watan Fabrairun 1964 ya zama zakaran duniya a ajin masu nauyi. Nan take ya bayyana cewa ya shiga ƙungiyar Nation of Islam, ya sauya suna, kuma a shekarar ya ziyarci Gana da Nijeriya da Masar. Sojoji sun gwada shi a 1964, ya faɗi jarrabawar rubutu da lissafi, aka ce bai cancanta ba. Da yaƙi ya yi zafi ana neman ƙarin mutane, sai aka sassauta makin cin jarrabawar, a Fabrairun 1966 aka mayar da shi ajin waɗanda za a iya kira. 'Yan jarida suka yi masa caa, shi kuma ya faɗi maganar da ta zaga duniya, cewa ba shi da wata rigima da mayaƙan Biyet Kong, waɗanda Amurka ke yaƙa a Biyetnam.

Dokar Amurka tana da ƙofa ga wanda ake kira mai ƙin yaƙi don lamiri. Lamiri shi ne abin nan na cikin zuciya da ke gaya wa mutum wannan daidai ne, wannan kuwa ko duniya ta taru ba daidai ba ne. Sharuɗɗan shiga ƙofar uku ne, ka riƙe su da kyau don za mu dawo musu. Na farko, ya zama yaƙi kowane iri mutum yake ƙi, ba wani yaƙi guda ba. Na biyu, ƙin ya samo tushe daga addini ko aƙida. Na uku, ya zama da gaske yake, ba dabara ba. Ali ya nemi a sa shi a wannan aji. Aka naɗa wani tsohon alƙali mai suna Lawrence Grauman ya saurare shi a 1966. Dattijon ya saurara, ya rubuta cewa yaron nan da gaske yake, a ba shi. Ma'aikatar Shari'a ta ture shawararsa, ta rubuta wa hukumar sauraren koke cewa a hana. Hukumar ta hana, ba ta kuma faɗi dalili ba.

Ranar 28 ga Afrilun 1967 Ali ya kai kansa cibiyar ɗaukar soja ta birnin Houston. Ya bi layi kamar kowa, likitoci suka duba shi, ya cika takardu. Al'adar wurin ita ce a jera samari a ɗaki, hafsa ya kira sunan mutum da rundunar da aka tura shi, shi kuma ya yi taku ɗaya gaba. Wannan taku ɗaya shi ne shiga soja. Kafin ka yi shi farar hula ne kai, da ka yi shi ka zama na gwamnati. Aka kira na gefensa, suka taka. Aka kira Cassius Clay, ya tsaya cik. Aka sake kira, ko motsi. Sai aka ja shi wani ofis aka karanta masa hukuncin laifin, aka dawo da shi aka sake kira, ƙafarsa na nan inda take. Daga nan aka ba shi takarda ya rubuta dalilinsa da hannunsa, ya rubuta cewa shi mai wa'azin addinin Musulunci ne, ba zai shiga ba.

Tun kafin a kai shi gaban alƙali, a ranar nan, hukumar wasanni ta New York ta dakatar da lasisinsa, aka kuma tuɓe masa kambu. Ranar 20 ga Yuni masu taya alƙali yanke hukunci suka shiga ɗaki, minti 21 suka fito suka ce yana da laifi. Aka yanke masa ɗaurin shekara 5 da tarar dala 10,000, aka karɓe fasfonsa don kada ya je waje ya yi dambe. Bai zauna kurkuku a kan wannan hukunci ba, domin yana kan beli yana ɗaukaka ƙara. Amma daga Maris na 1967 zuwa Oktoban 1970 bai hau dandamali ba. Yana ɗan shekara 25 aka rufe masa ƙofa, yana dab da 29 aka buɗe, kuma duk mai kallon dambe ya san nan ne ganiyar ƙarfin ɗan dambe. Da yawon lacca a jami'o'i ya riƙa samun na cefane da na lauyoyi.

To, tsoro ne? A nan zan ɗan saɓa wa kawu, cikin ladabi. Ba wanda ya yi zaton za a ba zakaran duniya bindiga a tura shi dajin Biyetnam. Akwai turbar da ɗan dambe Joe Louis ya bi a Yaƙin Duniya na Biyu: ya sa kaki, ya riƙa zaga barikoki yana damben nishaɗi don ƙarfafa wa sojoji gwiwa, ya fito da mutuncinsa. Da Ali ya yi takun nan ɗaya, kusan tabbas abin da zai samu ke nan. Wato hanyar da ba haɗari ita ce ya ƙi, ya ɗauki wadda ta kai shi bakin kurkuku. A watan Yunin 1967 manyan 'yan wasa baƙar fata, irin su Jim Brown da Bill Russell da matashin da daga baya ya zama Kareem Abdul-Jabbar, suka zauna da shi a Cleveland, suka yi ta tatsarsa da tambayoyi na sa'o'i. Da suka fito sai suka jeru a gaban 'yan jarida suka ce suna bayansa. Dubun-dubatar samarin Amurka sun tsallaka Kanada a shekarun, ban kuma ce duk matsorata ba ne, amma shi bai tsallaka ba. Ya je inda aka kira shi, a ranar da aka kira shi, ya ce a'a da sunansa a rubuce.

Batun naushi kuwa, je ka filin dambe bayan kaka ka duba. Maza biyu ne, kowa da ƙafarsa ya shigo, kowa ya ɗaure hannu yana sane, ga alƙalin wasa tsaye, da ɗaya ya kai ƙasa an raba. Ba a bin wanda ya faɗi gida a ƙone rumbunsa, ba a taɓa uwarsa ko 'ya'yansa. Yaƙi ba haka yake ba. Wanda aka turo ka kashe bai san ka ba, kai ma ba ka san shi ba, wata ƙila shi ma dole aka yi masa, kuma bam ba ya tambayar wane ne soja wane ne mai shayarwa. Saboda haka ba tufka da warwara ba ne mutum ya yarda da na farko ya ƙi na biyu.

Dalilan Ali biyu ne, kuma bai ɓoye ko ɗaya ba. Ɗaya na launin fata. Ya ce don me zai yi tafiyar dubban mil ya zuba wa talakawan wata ƙasa wuta, alhali a Louisville, garinsu, ana wulaƙanta baƙar fata. Maganar tana da ƙafa, domin 'ya'yan masu hali suna fakewa da jami'a, kuma a farkon yaƙin kason baƙar fata cikin sojojin da ake kashewa ya zarce kasonsu cikin jama'ar ƙasar. Makonni uku kafin ranar Houston, Martin Luther King ya tsaya a wani coci a New York ya yi tir da yaƙin, manyan jaridu suka yi masa rubdugu.

Ɗaya dalilin na addini ne, kuma nan ne mutane da dama ke tuntuɓe. Musulunci bai haramta yaƙi ɗungurungum ba. Ya halatta shi don kare kai da tsare wanda ake zalunta, sannan ya ɗaure shi da sharuɗɗa. Ɗaliban ilimi sun san wasiyyar Sayyidina Abubakar ga rundunarsa, cewa kada a kashe mace ko yaro ko tsoho, kada a sare itace mai 'ya'ya, a bar masu ibada a ɗakunan ibadarsu. Ƙungiyar da Ali yake ciki a lokacin kuma tana da aƙidu da suka sha bamban da abin da ka karanta a makarantar allo, sai a 1975 ya bi Warith Deen Mohammed zuwa tafarkin Sunna. Shugaban ƙungiyar, Elijah Muhammad, an ɗaure shi daga 1942 zuwa 1946 a kan batun shiga soja. Abin da Ali ya ce shi ne ba zai shiga yaƙi ba sai wanda Allah ya yi umurni da shi. Lauyoyin gwamnati suka ce, to ai ka ji, ashe akwai yaƙin da zai yi, ya faɗi sharaɗin farko.

Ana yawan cewa Kotun Ƙoli ta tabbatar Ali ne mai gaskiya a kan yaƙin Biyetnam. Ba haka aka yi ba. Alƙalai 8 ne suka zauna, domin Thurgood Marshall ya janye, kasancewar yana babban lauyan gwamnati lokacin da maganar ta faro. A ƙuri'ar farko ta cikin gida, 5 sun ce a tabbatar da ɗaurin, 3 sun ce a'a. Aka ba mai shari'a John Harlan ya rubuta hukunci. Mataimakansa suka kai masa littattafan ƙungiyar, ya karanta, ya ga cewa yaƙin da Ali yake nufi ba irin wanda wata gwamnati za ta taɓa shelantawa ba ne, ya sauya ra'ayi. Aka koma 4 da 4. Sai aka nemo wata 'yar siririyar hanya da kowa zai iya bi. Ka tuna hukumar koke ba ta faɗi dalili ba? Gwamnati da bakinta ta amsa a gaban kotu cewa Ali ya cika sharaɗi na biyu da na uku. Tun da ba a san a kan wanne cikin ukun aka hana shi ba, mai yiwuwa a kan wanda bai inganta ba ne, don haka hukuncin ya rushe. Ranar 28 ga Yunin 1971 duka 8 suka sa hannu. Kuskuren aikin ofis ne ya fid da shi. Kotu ba ta ce uffan a kan halaccin yaƙin ba.

Yanzu bari mu ɗan ɗaga kai daga Ali, don ba shi ya fara ba, kuma masu ƙin yaƙi ba iri ɗaya ba ne.

Iri na farko su ne masu cewa kisa haramun ne a kowane hali. Kiristocin da ake kira Quaker sun shelanta wa Sarkin Ingila haka tun wajen 1660. Da Ingila ta kawo soja dole a 1916, mutum kusan 16,000 suka ƙi, aka ɗaure dubbai, mata kuma suna bin samarin da ba su sa kaki ba suna miƙa musu farin gashin tsuntsu, alamar ragwanci. Wanda ya kai wannan ra'ayi maƙura shi ne marubucin Rasha, Leo Tolstoy. Shi ba daga littafi ya san yaƙi ba, hafsa ne da ya ga gawarwaki a Sebastopol a yaƙin Kirimiya. Da ya tsufa sai ya ce ba yaƙi kaɗai ba, ita kanta gwamnati a kan tsoratarwa take tsaye. Hujjarsa mai sauƙi ce. Sarki mutum ɗaya ne, ba shi da hannu dubu. Manomi ake kamawa a sa masa kaki, a karɓi harajin wani manomi a saya masa bindiga, a tura shi ya harbi na uku. Ranar da manomin ya ce ba zai yi ba, mulkin ya ƙare. Don haka ya ce kada a yi rantsuwar biyayya, kada a shiga soja. A 1895 wasu manoma mabiya ɗariƙar Doukhobor suka tara makamansu suka cinna musu wuta, gwamnatin Rasha ta gallaza musu, Tolstoy ya ba da kuɗin wani littafinsa aka kwashe kusan 7,500 zuwa Kanada a 1899. Wasiƙunsa da littattafansa sun yi wa Gandhi tasiri ƙwarai, har ya sa wa gonarsa ta kusa da Johannesburg sunan Tolstoy.

Kada ka ɗauka wannan hanya ta Kirista da Hindu ce kawai. A cikin Pashtun, ƙabilar da ta yi suna wajen bindiga da ramuwar gayya, Abdul Ghaffar Khan ya kafa rundunar Khudai Khidmatgar a 1929, masu jajayen riguna, waɗanda suka kai kusan 100,000. Rantsuwarsu ita ce ba makami, ba ramuwa, kuma daga haƙurin Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, a zaman Makka ya ɗauko hujjarsa. Ranar 23 ga Afrilun 1930 sojojin Ingila suka buɗe musu wuta a kasuwar Qissa Khwani ta Peshawar. Hukuma ta ce mutum 20 suka mutu, mutanen gari suka ce ɗaruruwa ne. Abin da ya fi girgiza Turawa shi ne wasu sojojin rundunar Garhwal, mabiya Hindu, sun ƙi yarda a yi amfani da su a kan taron Musulmin da ba sa riƙe da komai. Kotun soja ta yanke wa jagororinsu ɗauri mai tsawo.

Iri na biyu su ne masu cewa yaƙi yana iya halatta, amma wannan dai da ke gabanmu bai halatta ba. A tarihin Musulunci, da fitina ta ɓarke har aka yi yaƙoƙin Jamal da Siffin, Sa'ad bin Abi Waƙƙas da Abdullahi bin Umar da Usama bin Zaid da Muhammad bin Maslama, Allah ya ƙara musu yarda, sun janye hannu. Ba wanda zai kira Sa'ad matsoraci, shi ne jagoran yaƙin Ƙadisiyya. Malamai sun daɗe suna tattauna matsayin nasu, ni dai abin da nake nuna maka shi ne jarumi yana iya duba wani yaƙi ya ce takobina ba ya shiga nan. A Turai kuma akwai Franz Jägerstätter, manomi a ƙauyen Sankt Radegund na Ostiriya, mai 'ya'ya mata uku. Ya yi horon soja, bai ce ɗaukar makami haramun ne ba, ya ce dai yaƙin Hitler zalunci ne. Limaman cocinsa har da bishop suka ce ya tuna da iyalinsa. Ya nemi a bar shi ya yi jinyar masu rauni, ba a saurare shi ba, aka sare kansa ranar 9 ga Agustan 1943 yana ɗan shekara 36. A nan gida ma, a shekarar da aka tuɓe wa Ali kambu, an tsare Wole Soyinka wajen shekara biyu, mafi yawa a kurkukun Kaduna, bayan ya je Inugu neman hanyar tsayar da yaƙin basasa.

Ga abin da na lura da shi, kuma shi ne zuciyar maganar. Gwamnatoci sun fi iya haƙuri da iri na farko. Wanda ya ce duk yaƙi haramun ne bai zargi wannan gwamnati da komai ba, ana iya ɗaukarsa wani bawan Allah mai tsantseni a ba shi aikin asibiti. Amma wanda ya ce wannan yaƙin naku zalunci ne, ya ɗauki wani abu da gwamnati ke ganin nata ne ita kaɗai, wato ikon yanke wanda ya cancanci a kashe. Shi ya sa a Maris na 1971, wata uku kafin hukuncin Ali, Kotun Ƙolin nan ta yanke a shari'ar Gillette cewa mai ƙin yaƙi guda ba shi da mafaka a doka. Da Jägerstätter zai tsaya gaban wannan doka, da ya faɗi sharaɗin farko.

To ga tambayar kawu: in kowa ya ƙi, wa zai tsare ƙasa? Ba zan yi mata kwaskwarima ba, tambaya ce ta gaske. Hitler ba da addu'a da zanga-zanga aka tsayar da shi ba. A Ruwanda a 1994 an kashe mutum kusan 800,000 cikin kwana 100, kuma abin da aka zargi duniya da shi shi ne rashin tura sojoji. Mutumin da 'yan bindiga suka kore daga gonarsa ba ya neman a karanta masa Tolstoy, soja yake nema. A nan ni ban bi Tolstoy har ƙarshen hanyarsa ba. Wanda ya kwana lafiya don wani ya kwana a rami riƙe da bindiga, bai kamata ya raina mai bindigar ba. Kuma mai ƙin yaƙi ba ma'asumi ba ne, lamiri ma yana kuskure.

Sai dai duba tarihi ka gani, ba a taɓa yin ranar da kowa ya ƙi ba. A Ingila miliyoyi suka tafi, 16,000 suka ƙi. Ƙarancin masu cewa to bai taɓa zama ciwon duniya ba, yawansu ne ya sha zama. Shi ya sa bayan Yaƙin Duniya na Biyu kotun Nuremberg ta kafa ƙa'idar cewa faɗin umurni aka ba ni ba ya wanke mai laifi, abin da malamanmu suka riga suka sani, cewa biyayya ga shugaba tana tsayawa inda saɓon Allah ya fara. Jamus ta Yamma, wadda ta ɗanɗana kuɗar biyayya, ta rubuta a tsarin mulkinta na 1949 cewa ba za a tilasta wa kowa ɗaukar makami ba in lamirinsa ya ƙi. Ƙasashe da yawa sun bi da tsarin hidimar madadi, wato mutum ya yi wa ƙasa wani aikin ba na bindiga ba, sau da yawa mai tsawo fiye da na soja, don a tace mai gaskiya daga mai dabara. Koriya ta Kudu ta shafe shekaru tana ɗaure masu ƙi, kusan 19,000 jimilla, galibinsu Shaidun Jehobah, sai a 2018 kotunanta suka sauya hanya. Yanzu wata 36 suke yi suna aiki a gidajen yari. Amurka kuwa ta daina soja dole a 1973, Shugaba Jimmy Carter ya yi wa waɗanda suka guje wa kira afuwa a Janairun 1977. Yaƙin ya ci Amurkawa fiye da 58,000, ya ci 'yan Biyetnam ninkin-ba-ninkin haka, kuma Robert McNamara, sakataren tsaron da ya tafiyar da shi, ya amsa a 1995 cewa sun yi babban kuskure.

Da yake a Nijeriya ba soja dole, irin da ya fi shafar mu shi ne na uku, wato wanda ya riga ya sa kaki da son ransa. Shi ba zai ce ba ya yaƙi ba, kowa ya ci ladan kuturu sai ya yi masa aski. Abin da ya rage masa shi ne ya ƙi haramtaccen umurni, kuma dokar soja kanta ta san da wannan. Ranar 16 ga Maris na 1968 wata rundunar Amurka ta shiga ƙauyen My Lai ta yi ta harbin mata da yara da tsofaffi. Sojan Amurka ya ƙirga gawa 347, 'yan Biyetnam sun rubuta sunaye 504. Wani matuƙin jirgi mai saukar ungulu, Hugh Thompson, ɗan shekara 24, yana shawagi a sama ya ga rami cike da gawarwaki. Ya hango sojoji sun nufi wasu mutanen ƙauye da suka ɓuya, sai ya sauke jirginsa a tsakaninsu, ya ce wa masu bindigarsa biyu, Lawrence Colburn da Glenn Andreotta, in 'yan uwanmu suka harbi mutanen nan, ku harbe su. Ya fito da mutanen, ya kira wasu jirage suka kwashe su. Andreotta ya shiga ramin ya zaro wani yaro da sauran numfashi. Da suka koma sansani Thompson ya kai rahoto, aka ba da umurnin tsayar da harbi.

Mutum ɗaya tak aka samu da laifi a kan My Lai, Laftanar William Calley, a 1971. An yanke masa ɗaurin rai da rai, amma abin da ya yi shi ne kimanin shekara 3 da rabi yana tsare a gida, kusan daidai da tsawon lokacin da aka hana Ali dambe. Thompson kuwa wasiƙun zagi da barazanar kisa ya sha, har wani babban ɗan majalisa ya nemi a hukunta shi. Sai a Maris na 1998 rundunar sojan Amurka ta ba shi lambar yabo. Ya ce ba zai karɓa ba sai an haɗa da abokan aikinsa biyu, kuma a bainar jama'a. Aka yi hakan a Washington. Colburn ya karɓi tasa, ta Andreotta kuwa iyalinsa aka ba, domin an harbo jirginsa makonni uku bayan My Lai.